Bara'atu Mai Kifi da Gwangwanin Maganin Mijinta

A Goronyo in ka ce Bara'atu ka tsaya nan, sai an tambaye ka wacce. In ka ƙara da mai kifi, nan take za a nuna maka lungun da ƙamshin man gyaɗa ke tashi tun hantsi. Ta fi shekara ashirin tana suyar kifin madatsar ruwa a cikin gidanta, tarwaɗa da karfasa, mata na shigowa da kwano wayam suna fita da shi a rufe. Gajera ce, ba ta da yawan dariya, bayan hannunta duk tabon fallatsin mai. Abu biyu unguwa ta shaide ta da su: ba ta da rowa, kuma ba a jin cikinta.

Duka biyun daga garin Rara ta taho da su, wurin kakar da ta rene ta. Tsohuwar ce ta cusa mata cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abin gida a gida yake kwana. Ita ce kuma ta koya mata cewa magani ba a rowarsa, ba a zubar da ragowarsa, don ba ka san wanda Allah zai jefo gobe ba. Bara'atu ta riƙe wannan karatu fiye da yadda wasu ke riƙe na allo. Duk wanda aka rubuta wa magani a gidanta, in ya ji sauƙi kafin ya ƙare, ragowar na komawa wani tsohon kwanon sha a bayan gado. Maƙwabciya za ta leƙo ta ce a sam mata na ciwon kai, a ba ta. Wata ta ce na ciki, a laluba a ba ta. A lissafin Bara'atu ciwo gida-gida ne, na kai daban, na ciki daban, na gaɓɓai daban, kuma abin da ya ji wa wane zai ji wa wance. Ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba, rabin garin haka suke, ita dai ta fi su tsari ne kawai.

Mijinta Shittu mai gyaran injin ban-ruwa ne. Manoman albasa da shinkafa tun daga Taloka suke ɗauko masa injinansu a bayan babur, ya kara kunne ya saurara kaɗan, ya faɗa musu inda ciwon yake. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya share rumfarsa da duk injinan mutane da ke ciki. Ba wanda ya riƙe shi da laifi, amma shi bai saki kansa ba. Barci ya ƙaurace masa. Ya fara cewa yana jin injinan suna kiran sunansa daga ƙarƙashin ruwa, daga baya ya ce mutane ne ke zaginsa ta cikin bango. Wata rana aka tsinto shi a bakin gulbi ba takalmi yana ba wa iska amsa.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sauka. Da abin ya ƙi, wani dattijo cikin masu kawo masa gyara ya tsaya a zaure ya rage murya ya ambaci Kware. To, Kware gari ne kamar kowane gari, da kasuwarsa da masallatansa, amma a bakin mutanen ƙasar nan sunan asibitin masu taɓin hankali ya cinye sunan garin. Yara in suna tsokanar juna, a kai ka Kware suke cewa. Bara'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Duk da haka ta kai shi, da sassafe kafin lungu ya tashi, ta ja mayafi har bisa hanci. Sau ɗaya tak ta taka wurin, ta kuma yi wa kanta alkawarin ba za ta sake ba.

Allah da ikonsa Shittu ya warware. Ya dawo da ƙwaya iri biyu, wata 'yar mitsitsiya da wata fara, ya koma kan injinansa kamar ba shi ba. Daga nan aikin Bara'atu na biyu ya fara. Duk sanda ya je ganin likita ya dawo, sai ta karɓi 'yar takardar da aka ƙunso maganin a ciki, mai ɗauke da sunansa da sunan asibiti, ta juye ƙwayoyin a wani gwangwanin man shafawa da ya ƙare, ta cusa takardar a murhu ƙarƙashin kaskon kifi. In an tambayi ina maigida, ya tafi Sakkwato sayen kayan gyara. Shi kuma bawan Allah sai ya biya kasuwa ya sayo 'yan ƙarafa da bel, don kada ƙaryar matarsa ta dawo gida tsirara. In an ce mata yaya aka yi Malam Shittu ya samu lafiya haka, sai ta ce addu'a. Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ta faɗa, ta zauna a kan rabin.

Ba don kanta take yi ba, a ganinta. Tana da 'ya'ya mata, kuma ta san yadda ake binciken aure a ƙasar nan. Da zarar an ce gidan wane akwai abin nan a jini, to masu zuwa gaisuwa za su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi faɗa da kowa ba.

Babbar cikinsu Raihana ce, 'yar fari. Bara'atu irin matan zamanin da ce, masu tsananin kunyar ɗan fari. Tunda ta haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba. Yarinyar nan, ko waccan, ko ke, shi ke nan. Ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama da ita hira ba. In ta soya kifi sai ta ware mafi tsoka ta ajiye inda ta san yarinyar za ta gani, ta kau da kai. Son yana nan cike da ciki, hanyar fita ce al'ada ta toshe. Shittu shi ba ruwansa, 'Yar Baba yake kiran ta, su zauna a zaure tana miƙa masa sifana.

Da Raihana ta isa aure, Bashar ɗan Hajiya Zuwaira ta Wurno ya fito, malamin makaranta, ɗan gidan malamai da alƙalai tun kaka da kakanni. Suka yi bincikensu, ba su ji komai ba sai alheri. Ranar da aka kai amarya Bara'atu ta shige ɗaki ta yi sujada, ta ce wa ranta ashe takardun da ta ƙona ba su ƙone a banza ba.

Bayan shekara Raihana ta dawo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba, za ta yi wankan jegonta na kwana arba'in a gaban iyayenta. Ta sauka lafiya, namiji. Aka yi suna, 'yan Wurno suka cika mota biyu, aka ci aka sha aka watse. Gwaggo Lami, yayar Shittu, ita ke yi mata wanka safe da yamma da ruwan zafi da ganye, tunda uwa ba ta yi wa 'yar fari. Bara'atu nata shi ne wuta da kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji.

Cikin mako na uku abubuwa suka canza. Kunu ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi. Raihana ba ta barci ko da jariri ya yi, sai ta zauna ta zuba wa bango ido hawaye na bin fuskarta. In yaron ya yi kuka sai ta ƙanƙame hannuwanta ta ƙi ɗauka, sai Gwaggo Lami ta ɗora mata shi a cinya. Gwaggo ta ce shagwaɓar haihuwar fari ce, za ta wuce. Bara'atu kuwa ta gane alamun. Rashin barci. Zuba wa bango ido. Ta taɓa ganin wannan fuskar a gidan nan.

Sau biyu ta je har bakin ƙofar ɗakin da niyyar magana, ta tsaya, ta gyara labule, ta juyo. Me za ta ce? Da wane baki za ta fara, bakin da bai taɓa kiran sunan ba? In kuma ta faɗa wa Shittu, ta san kalmar da zai ambata. Mutum na biyu daga gida ɗaya a kan hanyar Kware, kuma surukar gidan malamai. Wannan ba takardar da za a cusa a murhu ba ce.

Sai ta tuna da gwangwani. Tun shekarun baya likita ya rage wa Shittu 'yar mitsitsiyar, ragowa ta taru, ita kuwa ba ta zubar da ragowa. Ciwon kai ne na ciki, irin na uban, ga maganin da ya dawo da uban cikin mutane yana zaune a bayan gado. Ina laifin a taimaki yarinya a rufe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani? Farar ba ta taɓa ta ba, don ta daɗe da yanke wa kanta cewa ta ƙarin ƙarfi ce ta maza masu aikin ƙarfe. Ta daka 'yar mitsitsiyar da bayan cokali, ta zuba a kunun yamma, ta ƙara suga. Gwaggo Lami ta matsa wa Raihana ta shanye. Ranar ta yi barci har da minshari. Bara'atu ta ce alhamdu lillahi, washegari ta zuba biyu.

Rana ta uku da hantsi Hajiya Zuwaira ta iso daga Wurno duba jikanta, da turmin atamfa da buhun shinkafa. An shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ana cikin gaisuwa, Raihana ta fito za ta durƙusa. Ba ta kai ƙasa ba wuyanta ya karkace gefe ɗaya kamar ana murɗa shi. Idanunta suka ƙafe sama, harshenta ya turo waje, yawu na zuba, tana son magana ba hali. Gwaggo Lami ta saki salati. Matan da suka shigo sayen kifi suka ajiye kwanuka suka yo kanta, wata na cewa iska ce, mai jego ta fita da magariba, wata na cewa a kira mai ruƙiyya. Kifi na ƙonewa a kasko ba wanda ya waiga.

Shittu ya shigo da gudu daga rumfa, hannu duk baƙin mai. Ya tsaya ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya juya ya dubi matarsa. Ya shiga ɗaki, Bara'atu tana hango shi ta ƙofa, ya sa hannu bayan gado ya ɗauko gwangwanin ya jefa a aljihu. Ya fito ya ce, "Ba iska ba ta. A ɗauko ta mu tahi asibiti."

A asibitin garin aka kwantar da ita a wani ɗan ɗaki. Likitan matashi ne, ya duba idonta, ya taɓa wuyan, ya juyo. Hajiya Zuwaira na tsaye rungume da jariri, Shittu ya jingina da bango.

"Wa ka kula da abincinta?" in ji likita.

"Ni ta," in ji Bara'atu.

"Inna, mi tas sha kwanakin ga?"

"Kunun kanwa na, likita. Sai ruwan zahi."

"Babu wani magani? Ko na gargajiya, ko na kemis?"

Bara'atu ta ji idon Hajiya a gefen fuskarta. Ta ji na mijinta ma, wanda ya fi nauyi. Ta dubi ƙasa ta ce, "Kunu dai."

Likitan ya sassauta murya. "Inna, ba hwaɗa za ni yi ba. Irin wagga karkacewar wuya, sau da yawa magani ka kawo ta. In na san ko wane na, yanzu ta warware da yardar Allah. In ban sani ba lalube za mu yi, kuma abin ga shina iya kama mata maƙogwaro."

Raihana na kan gado tana gurnani, hawaye na gangarawa cikin kunnenta, idon nan a sama. Bara'atu ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Amma shekara goma sha wani abu tana danne kalmar nan, ta riga ta yi saiwa, ta ƙi fitowa. 'Yarta na shaƙewa a gabanta, ita kuwa tana tsaye tana tunanin abin da za a je a faɗa a Wurno. Wannan tsayuwar ce har yau in ta tuna take jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shittu ya taso daga jikin bango, ya ciro gwangwanin, ya buɗe ya ajiye a kan tebur.

"Maganina na, likita. Na Kware na. Ina shan shi tun shekarar ambaliya."

Ya faɗi sunan kowace ƙwaya da Turancinta, tiryan-tiryan, sunayen da Bara'atu ta ɗauka sun tafi da hayaƙin murhu. Ya nuna 'yar mitsitsiyar ya ce ita ce ta taɓa murɗe masa wuya haka a farkon kwanciyarsa, shi ya sa aka haɗa masa da farar, don ta hana. Ashe farar da Bara'atu ta raina ita ce birkin. Kowa a ɗakin ya gane abin da aka zuba a kunun.

Likita bai tsaya dogon zance ba, ya aika aka kawo allura. Kafin a idar da sallar azahar wuyan Raihana ya saki, harshe ya koma, ido ya sauko. Abin da ta fara cewa shi ne ina yaron. Daga baya likitan ya ce musu maganin nan na masu jin muryoyi ne da ganin abin da babu, ba na rashin barci ba ne, kuma jikin matasa ya fi saurin murɗewa da shi. Ya ce abin da ya sa ta kuka tun farko yana nan ba a taɓa shi ba, su kai ta wurin masu sanin abin.

A bakin ƙofar asibiti Hajiya Zuwaira ta miƙa wa Gwaggo Lami jariri, ta fuskanci Bara'atu. Ba ta ɗaga murya ba, irin gidajen nan ba sa ɗagawa.

"Ciwo na Allah na, uwar ɗiya, babu wanda yar roƙa. Da kun hwaɗa muna tun hwarko, ban san mi za mu ce ba, ba ni yi miki ƙarya. Amma ɗiyar da ka shayar da jikana, ki zuba mata maganin wani cikin kunu, likita shina tambaya kina kallon ƙasa? Ran Juma'a mota na zuwa. Ta ƙarasa wankanta Wurno."

A ɗauke mai jego daga gidan uwarta kafin arba'in, wannan ba a taɓa jin sa a lungun ba. Garin neman gira an rasa ido. Kafin la'asar labari ya zaga, na Shittu da na kunu gaba ɗaya. Washegari mata uku kacal suka shigo sayen kifi, su ma ba kifin ya kawo su ba. Bara'atu ta sauke kasko ta kife.

Ran Laraba suka kama hanyar Kware, ita da Shittu da Raihana da jariri, da rana tsaka, a motar haya cike da 'yan gari. Ta so ta noƙe, Shittu ya ce likita zai nemi wanda ke tare da yarinya a gida. Ta ja mayafi har hanci kamar wancan karo, zufa na bin bayanta.

Abin da ta tarar ya ba ta mamaki. Tun daga ƙofa ake gaisawa da mijinta. Mai gadi ya ce Malam Shittu ya aiki, wata ma'aikaciya ta tambaye shi injin da ya yi mata alkawarin dubawa. Aka kira Raihana, likitar mace ce, ta ce iyaye su ɗan jira a waje tukuna. Suka zauna a dogon benci cikin jama'a, jariri a cinyar Bara'atu.

Ta saci kallon mutanen. Ta zaci za ta ga masu tsumma da sarƙa, sai ta ga masu hula da agogo, da mata masu lalle, da wata tsohuwa mai jan carbi. Shittu ya lura, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Kin gan mu nan, benci guda muka zama, amma kowa da nashi. Akwai irina, masu jin murya. Akwai wanda zuciya ka nutse mai, shi kasa ci shi kasa tashi, nashi maganin daban na, kuma sai ya yi makonni kahin shi hwara aiki. Akwai wanda ka hawa sama wata guda, ba barci sai surutu da rabon kaya, sannan shi hwaɗo ƙasa. Shi har jini aka ɗiba ana aunawa, in anka ba shi na mai nutsewa shi kaɗai, sai shi ƙara tashi sama. Akwai mai hwargaba, wani maganin nasu ba a barin mutum da shi da daɗewa don kada jiki shi saba. Duka injin na, Bara'atu, amma mai shan hetur ba a ɗura mai gas."

Ta ci gaba da jijjiga yaro. Can ta ce, "Malam, duk shekarun ga, ba ka jin nauyin zama nan?"

"Tun randa nis samu kaina ban ji kunyar bencin ga ba. Nan anka maido ni mutum." Ya ɗan tsaya, yana murza baƙin man da ke gefen farcensa. "Ina ganin kina ƙona takarda, in yi shiru, don na san wahalar da kinka sha da ni. Abu guda dai ka yi min ciwo. Kullum in za ki miƙo min shi, sai kin waiga."

Ba ta taɓa sanin tana yi ba. Ta sunkuyar da kai har mayafin ya rufe fuskar jaririn. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta cikin ƙofar tana jiyo muryar Raihana, ba ta jin kalmomin, amma tana jin yadda take magana ba tsayawa, ta yi kuka ta ci gaba. An daɗe ƙwarai. Bara'atu ba ta taɓa sanin 'yarta na da magana mai tsawon haka a ciki ba.

Da aka kira su, likitar ta ce wannan damuwa ce da ke kama wasu mata bayan haihuwa, tana da yawa, kuma ba ciwon babanta ba ne. Ta ce ta rubuta mata nata maganin, wanda aka zaɓa saboda tana shayarwa. Ba zai nuna aikinsa yau ko gobe ba, sai an yi haƙuri na wasu makonni, kada a ƙara, kada a tsayar don an ga sauƙi, kada a sam wa kowa. Ta ce ba ƙwaya kaɗai ba, tana bukatar barci, da mai karɓar mata yaro, da mai sauraron ta. Sannan ta dubi Bara'atu da sakin fuska, ba da wata manufa ba.

"Inna, yaushe ta hwara hwaɗa miki abin da taka ji?"

Bara'atu ta dubi Raihana, Raihana ta dubi yatsunta. Likitar ta gane, ta mayar da idonta kan takarda. Baƙuwa ta zauna ta yi wa yarinyar nan tambaya bayan tambaya kafin ta rubuta ƙwaya ɗaya. Ita da ta haife ta, ta ba ta ƙwaya ba tare da tambaya ko ɗaya ba.

Da suka dawo gida, Shittu ya ajiye takardun magani guda biyu a kan taga, tasa da ta 'yarsa, kowace da sunan mai ita. Hannun Bara'atu ya kai kansu don sabo, ya tsaya, ya dawo. Da yamma ta ɗauko tsohon kwanon shan nan na bayan gado ta miƙa masa, ta ce ya kai asibiti su san yadda za su yi da shi.

Rana ba ta ƙarya. Juma'a da hantsi motar Wurno ta tsaya a ƙofar gida, direba ya yi sallama ya koma ya zauna, inji na aiki. Gwaggo Lami ta riga ta ɗaure kaya. Bara'atu ta naɗe kifi busasshe a leda, mafi tsoka, ta nufi ɗakin da niyyar ajiyewa a bakin ƙofa ta juyo kamar kullum. Ta ɗaga labule. Raihana na zaune a bakin gado da mayafinta, yaron na kwance a gefe, ta sa hannu ɗaya kusa da shi ba ta taɓa shi ba.

Bara'atu ta shiga. Ta zauna a ƙasa, a kan tabarma, ledar kifin a cinyarta. A waje direba ya danna oda.

"Raihana."

Yarinyar ta ɗago a firgice, ta dubi ƙofa tukuna, don ba ta san sunan da wannan muryar ba.

"Na'am, Inna."

"Mi ka damunki? Hwaɗa min. Ban tambaya ba, ina tambaya yanzu."

Raihana ta ce, "Tsoro nika ji, Inna. In na ɗauke shi sai in ga kamar zai suɓuce min. Ina ganin ban iya ba, ban kai in zama uwa ba. Na so in hwaɗa miki, kin zo bakin ƙohwa sau biyu, ina jin tahiyarki, sai ki koma."

Ta zamo daga gadon ta kifa kai a cinyar uwarta, bisa ledar kifin, ta ci gaba da magana cikin kuka. Bara'atu ta ɗora mata hannun nan mai tabon mai a ka, ba ta waiga ba.

Oda ta sake tashi. Shittu, da ke tsaye a tsakar gida yana jin su, ya sa takalmi ya fita zaure, ya leƙa tagar motar ya ce wa direban, "Kashe injin, ɗana, kada mai shi ƙone banza. Ɗiya na magana da uwarta."